Majami'ar Chartres: Dutse da Haske

A daren 10 ga Yuni 1194 gobara ta tashi a Chartres, wani gari mai tazarar kimanin kilomita 90 daga Paris, ta cinye mafi yawan babbar majami'arsa. Abin da ya fi tayar wa mutanen garin hankali shi ne wani ƙyalle da Sarki Charles le Chauve ya ba majami'ar a shekarar 876, wanda Kirista suka yi imani na Nana Maryamu ne. Shi ke jawo masu ziyara, su kuma ke raya kasuwar garin. Da aka tarar ƙyallen ya tsira, sai aka ɗauki haka alama ce ta a sake gini. An keɓe sabon ginin a 1260.

Kalmar katedaral ta samo asali ne daga "cathedra", wato kujerar bishop, shugaban limaman yanki. Saboda haka ginin wurin ibada ne, kuma fadar iko.

Matsalar magina a wancan zamani ita ce nauyi. Rufin dutse yakan tura bango waje, don haka majami'un dā suke da kaurin bango da ƙananan tagogi, cikinsu duhu. Salon gotik, wanda ya bayyana a Saint-Denis a 1144 ƙarƙashin jagorancin Suger, ya haɗa dabaru uku. Ta farko baka mai tsini, wanda maginan Musulmi suka riga suka yi aiki da shi, kamar a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira a ƙarni na 9. Ta biyu haƙarƙarin dutse masu tattara nauyin rufi su sauke shi kan ginshiƙai. Ta uku, wadda ta bunƙasa daga baya, tokarai ne da ke dafe ginin daga waje. Da bango ya huta da kaya, sai aka huda shi aka sa gilashi. Rufin Chartres ya kai mita 37. A Beauvais an kai mita 48, amma wani sashe ya rufta a 1284: kowane tsawo da iyakarsa.

Babu abin da aka ajiye a banza. Shimfiɗar ginin siffar gicciye ce, kansa na duban arewa maso gabas. Haske kuwa, a tunanin Suger, ishara ne ga Ubangiji. Tagogi fiye da 170 na ba da labaran annabawa da waliyyai ga jama'ar da akasarinta ba ta karatu. A ƙasan wasunsu an zana mahauta, masassaƙa, dukawa da masu gasa burodi a bakin aikinsu. A ƙofar yamma kuma an sassaƙa fannonin ilimi bakwai tare da masana irin su Aristote da Euclide, domin Chartres gari ne na makaranta.

Sai dai ginin bai tashi cikin lumana kaɗai ba. Kuɗinsa sun fito daga gonakin majami'a, da haraji, da sadakar masu ziyara. A 1210 mutanen garin sun yi bore, suka afka wa gidan wani babban limami. Kuma sunan maginin da ya tsara aikin bai iso ga tarihi ba.

A 1939, da yaƙi ya ƙarato, an ciccire tagogin aka ɓoye su. Shi ya sa mafi yawan gilashin da rana ke ratsawa a yau na ƙarni na 13 ne. UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan gadon duniya a 1979.