Kason Mata na Tilas a Kwamitocin Daraktoci: Tarihin Taƙaddamar a Birnin Washington

Gabatarwa

A shekarar 1971 lauya Patricia Roberts Harris, mazauniyar Washington, ta shiga kwamitin daraktocin IBM. A 1972 kuma aka san Katharine Graham ta jaridar Washington Post a matsayin mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Babu dokar da ta ware musu gurbi. Wannan maƙala ta bi diddigin dalilan da suka hana gwamnatin tarayya kafa irin wannan doka har yau.

Tushen Ƙyamar Kaso

Saiwar lamarin tana cikin hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 a shari'ar Bakke, wanda ya haramta ware adadin gurabe a jami'a bisa launin fata. Tun daga nan kalmar kaso ta zama abin gudu a siyasar ƙasar. Turai kuwa ta ɗauki wata hanya: Norway ta wajabta kashi 40 cikin 100 a 2003, Tarayyar Turai ta zartar da makamanciyar doka a 2022.

Masu goyon baya suna ganin daraktoci kan zaɓo waɗanda suka sani ne, don haka ƙofa ba za ta buɗe da kanta ba. Masu adawa suna cewa zaɓen darakta haƙƙin masu hannun jari ne, kuma fifiko bisa jinsi wariya ce.

Daga Tilas Zuwa Bayyanawa

Jihar Kalifoniya ta wajabta sanya mata a 2018. Ƙungiyar Judicial Watch mai hedikwata a Washington ta kai ƙara, kotu ta soke dokar a Mayun 2022. Jihar Maryland, maƙwabciyar birnin, ta tsaya ga neman kamfanoni su bayyana adadin matansu a 2019. A Agustan 2021 hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta amince da ƙa'idar Nasdaq mai sassauci: ko kamfani ya naɗa mace, ko ya faɗi dalilinsa. Ita ma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Disamban 2024, da ƙuri'ar alƙalai 9 da 8.

Kammalawa

Duk da rashin dokar tarayya, zuwa 2019 babu kamfani a jerin S&P 500 da ba shi da mace a kwamitinsa, saboda matsin lambar manyan masu zuba jari. Sai dai abin da aka samu ta ganin dama, ganin dama na iya janye shi. Kujerun matan Amurka sun dogara ne ga ra'ayin kasuwa, na takwarorinsu na Norway kuwa doka ce ke riƙe da su.