Wasiƙa da Majalisa: Yadda 'Yan Bokon Arewa Suka Tattauna Kafin Zuwan Jam'iyyu

Duk mai nazarin tarihin siyasar Arewa ya san shekarar 1950 da 1951, watau lokacin da aka kafa NEPU, kuma NPC ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ta wace hanya 'yan bokon nan, waɗanda aiki ya warwatsa su lardi-lardi, suka san ra'ayin juna tun kafin nan? Hanyoyin biyu ne. Akwai maganar da ke zuwa ta iske mutum inda yake, akwai kuma wadda sai ya taka ƙafa ya je mata.

Ta farko ita ce wasiƙa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne edita, Dokta R. M. East kuwa shi ke duba aikin. Imam ɗin nan Kwalejin Katsina ya yi, kuma a Midil ta Katsina yake koyarwa kafin a ɗauko shi, saboda haka masu karatunsa da yawa abokan makarantarsa ne ko almajiransa. Malamin makaranta ko malamin asibiti sai ya zauna ya rubuta kukansa, ya jefa a gidan waya, bayan makwanni ya gan shi a jarida, sa'an nan wani daga Sakkwato ko Yola ya mayar masa da martani. Tafiyar hawainiya ce, amma ta kan kai nesa. Mutumin da aiki ya ajiye a ƙauye kamar Boko ta wajen Kusada, ko a Kankiya, ba ya da halin halartar taro a Zariya, amma kwabonsa ɗaya ya isa ya sa shi cikin zancen, shi da waɗanda za su kewaye shi ya karanta musu.

Sai dai fa tsakanin mai rubutu da mai karatu akwai edita, bayan editan kuma akwai gwamnatin Turawa mai jaridar. Abin da ya yi zafi da yawa ba lalle ne ya fito ba.

Hanya ta biyu ita ce majalisa, kuma nan ne wuta ta fi ruruwa. A Bauci, cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa wata ƙungiyar muhawara da yardar Turawan lardin, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suke zama tare da ma'aikatan En'e da su kansu Turawan. A nan ba a jiran makwanni. Ka faɗi magana, nan take a ƙalubalance ka, ido cikin ido. Har ta kai aka shiga tattauna mulkin En'e kansa, aka kuma taɓo batun albashin sarakuna. Daga nan mahukunta suka ga abin ya wuce gona da iri, majalisar ta mutu. A ganina wannan shi ne raunin majalisa: wuri ɗaya take, ƙofa ɗaya gare ta, mai iko kuwa ya san inda ƙofar take. Ko ba a rufe ta ba ma, canjin wurin aiki kaɗai ya isa ya watsa ta. Aminu ya tafi Ingila karatu a 1946, daga baya kuma aka kai shi Maru.

Hanyoyin nan sun haɗu a 1948, sa'ad da tarurrukan Zariya da Kaduna suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taronta na Kaduna a 1949 Dokta R. A. B. Dikko ya zama shugaba, Imam mai jarida ya riƙe ma'aji, ga Sa'adu da Aminu 'yan majalisar Bauci cikin masu muƙami.

Akwai kuma abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya yi hattara da shi. Wasiƙun Gaskiya suna nan a ajiye, ana iya zuwa Kaduna a karanta su da sunan mai rubutu da garinsu. Mafi yawan abin da aka faɗa a majalisun kuwa ya bi iska, sai ɗan abin da mahalarta suka tuna bayan shekaru, kowa da yadda ya tuna. Saboda haka mai dogara ga takarda kaɗai zai ɗauka mutanen wancan zamani sun fi sanyin baki fiye da yadda suke, domin abin da ya tsallake alƙalamin edita ne kawai ya iso gare shi.