Krak des Chevaliers: ganuwar Siriya da ta sha sauya hannu

Jama'a, a filinmu na tarihi yau mun leƙa ƙasar Siriya, inda wata tsohuwar ganuwa ta dutse take bisa tudu mai tsawon kimanin mita 650, wajen kilomita 40 yamma da birnin Hums. Larabawa na kiranta Kal'atul Hisn, Turawa kuma Krak des Chevaliers. Abin da ya sa kowa ke son ta shi ne, ita ke tsare hanyar da ta haɗa cikin ƙasa da gaɓar teku.

A shekara ta 1031 wani sarkin Halab ya zaunar da mayaƙa Kurdawa a wurin, shi ya sa aka riƙa ce mata Hisnul Akrad, wato sansanin Kurdawa. Mayaƙan Kiristocin Turai, 'yan Salibiyya, suka ƙwace ta a 1110. A farkon shekarun 1140 sarkin Tarabulus Raymond na Biyu ya miƙa ta ga ƙungiyar mayaƙan Hospitaliye. Su ne suka sake gina ta bayan girgizar ƙasa ta 1170, har ta yi katanga biyu, ɗaya cikin ɗaya. Salahuddin Ayyubi ma ya zo a 1188, ya dubi ƙarfinta, ya wuce gaba.

Sai a 1271 Sarki Baibars na Masar ya kewaye ta sama da wata guda. Masana tarihi sun ce wasiƙar jabu ya aika wa na ciki, wai shugabansu ya yarda su miƙa wuya. Suka fita ranar 8 ga Afrilu, aka mai da cocin ciki masallaci.

Da zamani ya juya, talakawa suka gina gidaje cikinta. A 1933, lokacin da Faransa ke riƙe da Siriya, kamar yadda take riƙe da mu nan Nijar, ganuwar ta koma mallakin gwamnatin Faransa, aka fidda mutane wajen 500, aka biya su diyya. Siriya ta karɓi abinta da samun 'yanci a 1946.

UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2006. Amma yaƙin basasa bai bar ta ba: 'yan tawaye sun shige ta a 2012, aka yi ta jifan ta da bama-bamai, sojan gwamnati suka maido ta a Maris na 2014. Yau hukumar kayan tarihi ta Siriya ke kula da ita, aikin gyara kuwa da sauran tafiya.