Ɗan Majalisar Jiha da Rikicin Gona da Burtali a Yankin Kura, 1979-1983

Wannan takarda za ta duba iyakar ikon ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Kano a Jamhuriya ta Biyu game da zaman lafiya a yankin noman rani na Kura da Bunkure.

Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da zarar an yi girbi sai manomi ya bar wa makiyayi karan dawa, shi kuma ya sami taki. Da ruwa ya iso Kadawa, sai gonaki suka kasance shar da alkama da tumatir har tsakiyar rani, watau daidai lokacin da shanu ke neman ciyawa da mashaya. Ƙarar ɓarna ta yawaita a gaban dagatai da alƙalai.

To, me wakilin jama'a zai iya yi? A ganinmu, kaɗan ne ƙwarai. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 an cusa ta cikin Tsarin Mulki na 1979, saboda haka majalisar jiha ba ta da ikon gyara ta, ko da yake dokar ta yarje wa ƙaramar hukuma ta ba da fili har hekta 5,000 domin kiwo. Aikin ruwan kansa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ta tarayya. 'Yan dokan En'e kuwa tuni an haɗe su da 'yan sandan tarayya.

Sa'an nan soke haraji da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979, duk da alherinsa ga talaka, ya rage kwarjinin dagaci, wanda a dā shi ke raba gardamar burtali tun kafin a kai ga zare sanda.