Jirgin da Takarda ta Jefa Teku

A watan Nuwamban 1958 wasu Turawan Ingila masu neman man fetur suna shawagi a kan Hamadar Libiya sai suka hangi wani jirgin yaƙi kwance a kan tsakuwa, ya karye gida biyu. Suka kai labari sansanin sojan saman Amurka na Wheelus da ke kusa da Tarabulus. Ba a tura kowa ba, domin da aka duba takardu babu wani jirgi da aka rubuta ya ɓace a wannan yanki. Ido ya gani, takarda ta ce babu, aka bi ta takarda.

Jirgin kuwa samfurin B-24 ne, an raɗa masa suna Lady Be Good. Ranar 4 ga Afrilun 1943 ya tashi daga filin Suluƙ, kudu da Bingazi, cikin ayarin da aka tura jefa bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Mutum tara ne a ciki, matuƙinsu William Hatton, kuma wannan ce fitarsu ta farko zuwa fagen daga. Guguwar rairayi ta raba su da ayari tun da rana, suka juyo gida su kaɗai cikin dare. Wajen tsakar dare Hatton ya kira ƙasa ya ce na'urarsa ta gane hanya ta lalace, a faɗa masa inda zai dosa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Hukuma ta ɗauka sun faɗa Bahar Rum, haka kuma zancen ya zauna shekara goma sha biyar.

A nan ne mai binciken tarihi ya kamata ya yi taka-tsantsan. Rahoton asarar jirgi ba shaidar wanda ya gani da ido ba ne. Jami'in da ke zaune a sansani ne yake rubuta shi, da abin da ya ji a rediyo, da lissafin man da ya rage, da kuma abin da hankali ya fi ɗauka. Jirgin da ya dawo daga Italiya bai iso ba, ina zai kasance in ba teku ba? Zato ne mai ma'ana, amma da zarar an buga masa hatimi sai ya koma hujja, duk wanda ya zo daga baya kuma daga gare shi zai kwafa.

Abin da ya faru ya saɓa wa wannan zato. Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne cewa na'urar ƙasa ta wancan zamani tana iya nuna layin da jirgi yake kai, amma ba ta bambance ko yana tahowa ne ko ya riga ya wuce. Lady Be Good ya ratsa ta saman sansaninsa cikin duhu ba tare da ya gan shi ba, ya ci gaba da nausawa kudu har mai ya ƙare. Mutanen suka diro da laima sanye da rigunan ceto na ruwa, alamar su ma teku suke zaton tana ƙarƙashinsu. Jirgin ya ƙarasa shi kaɗai, ya sauka kimanin kilomita 710 daga gaɓar teku.

Da masu bincike suka isa wurin a 1959 sun tarar da abin mamaki. Busasshiyar iskar Hamada ta adana komai. Rediyon jirgin yana aiki, akwai ruwa da abinci a ciki, amma babu gawa ko ɗaya. Can arewa aka fara tsintar takalma da yankakkun laima da aka danne da duwatsu, an jera su kamar kibiya suna nuna arewa. Sai a watan Fabrairun 1960 aka gano gawarwakin mutum biyar wuri guda, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Robert Toner, yake rubuta abin da ya same su kullum.

Wannan ɗan littafi shi ne takarda ta biyu a cikin labarin, kuma a ganina ya fi duk abin da ofis ya rubuta daraja, ko da yake shi ma yana ɗauke da nasa kuskuren. Daga gare shi aka san cewa takwas ne suka haɗu bayan sun sauka. Na taran, John Woravka, laimarsa ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take, 'yan'uwansa kuma ba su taɓa sanin haka ba. Ruwan da ke hannunsu rabin gora ne. Suka nufi arewa suna zaton teku na kusa, suka yi tafiyar kusan kilomita 130, rana tana gasa su, dare yana daskarar da su, rairayi yana cinye musu idanu. Da biyar suka gaza, uku suka ci gaba neman taimako. Rubutun Toner ya tsaya ranar 12 ga Afrilu.

Abin da ya fi sosa rai shi ne da kudu suka bi, tafiya ce gajera ta raba su da jirginsu, da ruwansa da rediyonsa. Amma ba su da hanyar sanin haka. Su da jami'in sansani kuskure ɗaya suka yi, kowa ya sa jirgin a arewacin inda yake.

Gaskiyar lamarin ba ta fito daga rahoton hukuma kaɗai ba, haka kuma littafin Toner bai isa ba, tun da bai san inda yake ba. Sai da aka haɗa su da tarkacen jirgin da inda aka tsinci kowace gawa, aka auna nisan da ke tsakani, sannan hanyar ta bayyana. A cikin 1960 aka samo biyu daga cikin ukun da suka yi gaba, aka kuma samo Woravka. Vernon Moore ne kaɗai ba a gani ba har yau. Tarkacen jirgin kuwa hukumomin Libiya sun kwashe shi a 1994 suka kai Tubruƙ, bayan masu wucewa sun daɗe suna ɓalle abin da hannunsu ya kai.