Takardar Izinin Dambe: Baƙaƙen Zakarun Amurka a Gaban Hukuma

Duk wanda ya yi nazarin tarihin damben zamani a Amurka, wato wanda ake yi da safar hannu a cikin fage mai igiyoyi, zai tarar cewa arzikin ɗan dambe a can bai rataya ga ƙarfin damtsensa kaɗai ba, domin akwai wata takarda ta izini da jihohi ke bayarwa ta hannun hukumomin wasanninsu, wadda idan aka hana mutum ita, to, ko da shi ne zakaran duniya, ba shi da ikon ɗaga hannu ya nemi abinci. Jihar New York ta kafa tata hukumar a 1920, da nufin tsare lafiyar 'yan dambe da kawar da maguɗi, kuma niyya ce kyakkyawa. Amma abin da aka ƙera don kariya yana iya zama bulala idan ya faɗa hannun masu son zuciya, kuma tarihin zakaru uku daga cikin baƙaƙen fata ya isa hujja a kan haka.

Na farkonsu shi ne Jack Johnson, haifaffen Galveston ta jihar Texas, wanda ya bi zakaran duniya Tommy Burns har birnin Sydney na Ostareliya, ya karɓe kambun ajin masu nauyi a Disamban 1908. Fararen Amurka ba su iya haɗiye wannan ba, sai suka lallaso tsohon zakara Jim Jeffries daga gonarsa don ya maido musu da martaba, aka haɗu a garin Reno ranar 4 ga Yuli 1910, Johnson ya yi masa dukan da masu tsaya masa suka shiga tsakani a turmi na goma sha biyar. A daren nan tarzoma ta tashi a birane da dama, aka kashe mutane, galibinsu baƙaƙe, kuma a 1912 majalisar dokokin tarayya ta haramta ɗaukar fim ɗin dambe daga wata jiha zuwa wata. Da yake ba a iya kayar da shi a fage ba, aka nemo masa wata doka ta 1910 da aka yi don hana fataucin mata, aka gurfanar da shi a Chicago a 1913 saboda mu'amalarsa da wata farar mace, masu taya alƙali hukunci, waɗanda dukansu farare ne, suka same shi da laifi, aka yanke masa shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ya tsere ya yi shekara bakwai yana yawo a Turai da Kudancin Amurka da Meziko, ya rasa kambunsa a Havana a 1915, sa'an nan ya komo a 1920 ya yi zaman kurkukunsa a Leavenworth. Sai a 2018, shekara saba'in da biyu bayan rasuwarsa, shugaban ƙasa ya yi masa afuwa.

Bayan Johnson an yi shekara ashirin da biyu ba a bar baƙar fata ya nemi kambun masu nauyi ba, har sai da Joe Louis ya zo, wanda iyayen gidansa suka gindaya masa sharuɗɗa masu tsanani: kada a ɗauki hotonsa da farar mace, kada ya yi dariya a kan wanda ya kayar, kada ya yi magana mai zafi. Ya bi, ya ci kambu a 1937. A watan Yuni na 1938, sa'ad da duniya ta fara jin ƙanshin yaƙi, ya kara da Max Schmeling na Jamus a filin Yankee, ya gama da shi cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu, Amurka duka ta yi murna, har da waɗanda ba za su yarda ya zauna kusa da su a jirgin ƙasa ba, domin a ranar suna bukatar hannunsa a kan Hitler. A 1942 ya sadaukar da kuɗin wasanni biyu ga asusun taimakon sojojin ruwa da na ƙasa, ya shiga soja a rundunar da ba ta haɗa fari da baƙi a bariki ɗaya, ya yi ta zagaya sansanoni yana wasan nuni. Da yaƙi ya ƙare, hukumar haraji ta biyo shi da bashin da ya yi ta hauhawa har ya wuce dala miliyan ɗaya, wanda ya tilasta masa komawa fage bayan ƙarfinsa ya tafi, daga nan ya koma kokawa, daga ƙarshe ya zama mai tarbar baƙi a wani gidan caca na Las Vegas. Wannan shi ne sakamakon wanda ya yi biyayya iyakar biyayya, kuma wajibi ne a riƙe shi a zuciya kafin a yi hukunci kan wanda ya biyo baya.

Cassius Clay, ɗan Louisville ta jihar Kentucky, ya ciwo wa Amurka lambar zinariya a Rum a 1960, ya kayar da Sonny Liston a Fabrairun 1964 yana da shekara ashirin da biyu, ya bayyana cewa shi almajirin Elijah Muhammad ne, aka raɗa masa suna Muhammad Ali, kuma a cikin shekarar ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. Ba za a ɓoye ba cewa aƙidar ƙungiyar Elijah Muhammad a wancan zamani ta saɓa wa abin da Ahlus Sunna suka yi ijma'i a kansa a mas'alolin tauhidi da annabci, kuma Ali da kansa ya bar ta a 1975 ya bi Warith Deen Muhammad, ɗan Elijah, zuwa ga tafarkin Sunna. Sai dai adalcin da ake bin mutum a gaban shari'a bai dogara ga ingancin aƙidarsa ba, kuma waɗanda suka tsane shi a lokacin ba kishin tauhidi ya dame su ba.

A 1964 hukumar ɗaukar soja ta gwada shi ta ce bai cancanta ba, amma da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, aka bukaci ƙarin matasa, sai aka sassauta ma'aunin jarrabawa, a Fabrairun 1966 aka mayar da shi cikin waɗanda za a kira. Ya ce shi ba shi da wata husuma da mutanen Biyetnam, kuma ya nemi a keɓe shi bisa dokar da ta yarda wa mai uzurin addini ya ƙi ɗaukar makami. Wannan doka tana da sharaɗi uku: mutum ya zama yana ƙin yaƙi kowane iri, ƙin nasa ya samo asali daga addini, kuma ya zama mai ikhlasi a da'awarsa. Aka naɗa wani tsohon alƙali na Kentucky, Lawrence Grauman, ya saurare shi, shi da iyayensa da shaidu, kuma dattijon nan, wanda ba wanda ya zaci zai tausaya masa, ya rubuta cewa ya gamsu da gaskiyar saurayin, a ba shi abin da ya nema. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta ture wannan shawara, ta rubuta wa hukumar ɗaukaka ƙara cewa bai cika ko ɗaya daga sharuɗɗan ba, ita kuwa hukumar ta ƙi roƙonsa ba tare da ta faɗi dalili ba.

Ranar 28 ga Afrilu 1967, a ofishin ɗaukar soja na Houston, aka jera matasa, aka gaya musu cewa duk wanda ya ji sunansa ya yi taku ɗaya gaba, wannan takun shi ne shigarsa soja. Aka kira na kusa da shi suka taka. Aka kira shi da tsohon sunansa, bai motsa ba. Wani hafsa ya ja shi gefe ya karanta masa hukuncin da ke jiransa, ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, aka maido shi layi aka sake kira, ya tsaya inda yake. Alhali ya san sarai cewa da ya taka, da wuya a kai shi bakin daga, hanyar Joe Louis za a ba shi, ta wasan nuni da gaisawa da sojoji, ya dawo ya ci gaba da tara dukiya.

A nan ne takardar izini ta yi aikinta. Tun rana ba ta faɗi ba, ba a tuhume shi a gaban alƙali ba balle a same shi da laifi, hukumar wasanni ta New York ta dakatar da izininsa ta tuɓe masa kambu, sauran jihohi suka bi sahu. Da shari'a ta zo a watan Yuni, masu taya alƙali hukunci suka yi shawarar minti ashirin da ɗaya, aka ba shi mafi tsananin abin da doka ta tanada, aka kuma karɓe fasfonsa don kada ya yi dambe a ƙetare. Ya ɗaukaka ƙara, bai shiga kurkuku ba, amma daga Maris 1967 zuwa Oktoba 1970 bai taka fage ba, wato daga yana da shekara ashirin da biyar har ya kusa ashirin da tara, kuma duk wanda ya san dambe, na Turawa ko namu na gargajiya, ya san cewa waɗannan su ne shekarun ganiyar ɗan dambe, kuma ba alƙalin da ke iya maido su. Ya rayu da kuɗin laccoci a jami'o'i, a daidai lokacin da ra'ayin jama'a ya fara juyawa ga barin yaƙin. A 1970 wani alƙalin tarayya, Walter Mansfield, ya duba littattafan hukumar New York da lauyoyin Ali suka kawo, ya ga ta sha bai wa waɗanda aka ɗaure kan kisa da fashi da fyaɗe, har da masu gudu daga soja, izinin dambe, ya yanke cewa hana Ali wariya ce da tsarin mulki bai yarda da ita ba. A Oktoba ya koma fage a Atlanta, inda a lokacin jihar Georgia ba ta da hukumar dambe da za ta hana.

Abin da ya gudana a Kotun Ƙoli a 1971 ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun ɗauka nasara ce cikakkiya. Alƙali Thurgood Marshall, baƙar fata ɗaya tilo a kotun, ya janye saboda yana riƙe da muƙamin lauyan gwamnati sa'ad da aka fara ƙarar. Sauran takwas suka yi ƙuri'a a asirce, biyar suka goyi bayan ɗauri, uku suka ƙi, aka ɗora wa Alƙali John Harlan rubuta hukunci. Wani matashi daga cikin magatakardansa ya roƙe shi ya karanta littattafan ƙungiyar da kansa, dattijon kuwa, ga tsufa ga raunin ido, ya tafi da su gida, ya dawo ya ce gwamnati ta yi wa aƙidar mutumin mummunar fassara, ya sauya ƙuri'arsa. Aka koma huɗu da huɗu, wanda ma'anarsa ita ce Ali ya tafi kurkuku ba tare da kotu ta bayyana dalili ba. Sai Alƙali Potter Stewart ya kawo mafita: tun da lauyan gwamnati ya riga ya amsa a gaban kotu cewa Ali mai ikhlasi ne kuma uzurinsa na addini ne, tun da kuma hukumar ɗaukaka ƙara ba ta faɗi a kan wane sharaɗi ta dogara ba, to, mai yiwuwa ta dogara ne a kan ɓatacciyar hujja, saboda haka hukuncin ya rushe. A kan wannan duka takwas suka haɗu ranar 28 ga Yuni 1971.

Lalle an yi adalci ga mutum ɗaya, kuma sauya ra'ayin Harlan abin yabo ne ga kowane alƙali a kowace ƙasa. Amma kotun ta kauce wa asalin mas'alar. Watanni uku kafin nan, a wata ƙara dabam, ta riga ta yanke cewa wanda ya ƙi wani yaƙi guda saboda yana ganinsa zalunci, alhali bai ƙi yaƙi baki ɗaya ba, ba shi da uzuri a doka. Ke nan duk mai bin addinin da ke rarrabe yaƙin adalci da na zalunci, kamar Musulmi da mabiya ɗarikar Katolika, an rufe masa ƙofa, kuma dubban 'ya'yan talakawa da ba su da lauyoyi ko suna sun ci gaba da tafiya Biyetnam ko kurkuku har aka daina ɗaukar soja na dole a 1973.

Da Ali ya karɓo kambunsa daga George Foreman a Kinshasa a Oktoban 1974, gwamnatin da ta nemi ɗaure shi ta soma ganin amfaninsa. A 1980 Shugaba Carter ya aike shi Tanzaniya da Kenya da Nijeriya da Laberiya da Senegal don ya shawo kansu su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko saboda mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan. A Darussalam ta Tanzaniya, Shugaba Nyerere ya ƙi ganinsa, 'yan jarida kuma suka tambaye shi ina Amurka take a 1976, sa'ad da ƙasashen Afirka suka fice daga wasannin Montreal don nuna ƙin mulkin wariyar Afirka ta Kudu. Ya amsa a fili cewa ba a sanar da shi wannan ba kafin a turo shi, kuma idan ya gane ana amfani da shi ne a kan 'yan'uwansa zai koma gida. Nijeriya da Tanzaniya da Senegal sun tafi Mosko.

Ali ya rasu a watan Yuni na 2016, shugabanni suka yi ta zuba yabo. Kimanin wata uku bayan jana'izarsa, Colin Kaepernick, ɗan ƙwallon Amurka na San Francisco, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya sa'ad da ake rera taken ƙasa, don nuna baƙin cikinsa kan kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙe. Shi ba hukumar jiha ce ta hana shi aiki ba, domin a sana'arsa izini yana hannun attajirai masu ƙungiyoyi talatin da biyu, kuma tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati toshe bakin mutum, bai ɗaure hannun ubangida mai zaman kansa ba. A 2017 shugaban ƙasa ya fito a taron siyasa a Alabama ya nemi a kori duk ɗan wasan da ya durƙusa. Kaepernick ya kai ƙara cewa masu ƙungiyoyin sun haɗa baki a kansa, aka sasanta a 2019 bisa sharuɗɗan da ba a bayyana ba, kuma tun ƙarshen kakar wasa ta 2016, yana da shekara ashirin da tara, ba ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa.