Kamfanin Arm: Kafuwarsa, Bunƙasarsa da Aikin Injiniyoyinsa

Arm kamfani ne da ke da hedikwata a birnin Kambirij na Ingila. Sana'arsa zana cif, wato ɗan guntun silikon da ke yin lissafi a cikin salula da kwamfuta da motoci. Ba shi da masana'anta ko ɗaya. Zane yake sayarwa, wasu su saya su ƙera. Kusan duk babbar salular da ake sayarwa a kasuwannin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, Tecno ce ko Itel ko Samsung, a kan zanen Arm ƙwaƙwalwarta take aiki, ko da sunan MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm ne a jikin cif ɗin.

Tushen kamfanin yana cikin wani kamfanin, Acorn, wanda Hermann Hauser da Chris Curry suka kafa a Kambirij a 1978. Acorn ya yi suna a 1981 da kwamfutar BBC Micro, wadda ta cika makarantun Birtaniya. Da aka zo neman cif mafi ƙarfi don kwamfutar da za ta gaje ta, injiniyoyi biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, suka gwada waɗanda ke kasuwa, babu wanda ya gamsar da su. Sai suka ɗauki wata dabara da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yaɗa, mai suna RISC: a rage yawan umarnin da cif ke fahimta, a sauƙaƙa kowanne, don ya gudana da sauri. Wilson ta tsara umarnin, Furber ya tsara cikin na'urar. Kamfanin VLSI Technology na Amurka ya ƙera samfurin farko, ARM1, aka kunna shi ranar 26 ga Afrilu 1985, ya kuma yi aiki tun gwajin farko. Transisto kimanin 25,000 ne kawai a cikinsa.

Rashin kuɗi da ƙarancin ma'aikata su suka tilasta wannan sauƙi, kuma sauƙin ya zo da riba da ba a nema ba. An so cif ɗin ya ci ƙasa da wat ɗaya don a iya sa shi cikin kwanson roba mai araha, sai ga shi yana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na hakan. A kwamfutar tebur wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ga na'urar da ke rayuwa a kan batir babu abin da ya fi shi.

Apple ne ya fara ganin amfanin, lokacin da yake neman cif don ƴar na'urar hannunsa, Newton. A watan Nuwamba 1990 aka kafa Advanced RISC Machines, wato Arm na yau, haɗin gwiwar kamfanoni uku: Acorn ya ba da fasaha da injiniyoyi 12, Apple ya zuba fam miliyan 1.5, VLSI ya ba da kayan zane. Ofishin farko wani tsohon rumbun gona ne da aka gyara a ƙauyen Swaffham Bulbeck, kusa da Kambirij. Robin Saxby ya zama shugaba na farko.

Newton ta fito a 1993, ba ta yi kasuwa ba. Abin da ya ceci kamfanin shi ne tsarin cinikin da Saxby ya kafa. Mai son zanen zai biya kuɗin lasisi tun farko, sannan ya riƙa biyan ƴar la'ada a kan kowane cif da ya sayar. Da yake Arm ba ya ƙera komai, ba ya gogayya da masu saye a wurinsa, don haka kamfanonin da ba sa ga maciji da juna duk suka amince da shi. Texas Instruments ya karɓi lasisi a 1993, ta hanyarsa kuma aka isa ga Nokia. Salular Nokia 6110 ta 1997 ta fito da zanen ARM7, daga nan la'ada ta fara kwarara. A 1998 aka sa hannun jarin kamfanin a kasuwannin Landan da Nasdaq.

Warren East ya shugabanci kamfanin daga 2001 zuwa 2013, zamanin da aka fitar da jerin zanen Cortex, aka kuma sayi kamfanin Falanx na Norwe a 2006, wanda daga gare shi ne zanen sarrafa hoto mai suna Mali ya fito. Simon Segars, wanda ya shiga a 1991 yana matashin injiniya, ya gaje shi. SoftBank na Japan ya sayi Arm a 2016 kan kimanin fam biliyan 24. Nvidia ya nemi saye a 2020 kan dala biliyan 40, hukumomin hana babakere suka ƙi, ciniki ya watse a Fabrairu 2022, Rene Haas ya karɓi shugabanci. A Satumba 2023 Arm ya koma kasuwar Nasdaq.

Kamfanin da ba shi da injin ƙira, jarinsa mutanensa ne, shi ya sa yake ɗaukar sababbin masu digiri da ɗalibai ƴan koyon aiki kowace shekara, galibi daga fannonin injiniyancin lantarki, kimiyyar kwamfuta, lissafi da fiziks. Sabon shiga ba kasafai yake taɓa silikon da hannu ba, a gaban kwamfuta yake wuni. Wasu suna rubuta tsarin da'irorin lantarki da harshen Verilog. Wasu suna tsara inda kowane sashe zai zauna a fuskar cif. Wasu kuma manhajar da ke mayar da shirin mai rubutu zuwa umarnin na'ura suke ginawa. Kaso mai yawa suna sashen tantancewa, aikin da ba ya ɗaukar ido amma yake cinye lokaci sosai, domin manhaja ana iya gyara ta bayan ta fita, kuskuren da aka zuba a silikon kuwa ya zauna ke nan a miliyoyin na'urori. Zane guda yakan ɗauki shekaru kafin ya isa hannun mai saye, don haka aikin na mai haƙuri ne.

Ma'aikatan, waɗanda a yau suka haura 7,000, suna warwatse a Kambirij da Manchester da Sheffield, da Austin da San Jose a Amurka, da Bangalor a Indiya, da Trondheim a Norwe, da Sophia Antipolis a kudancin Faransa. Aikin bai rabu da hawa da saukar kasuwa ba: bayan rushewar cinikin Nvidia, kamfanin ya sanar a Maris 2022 cewa zai iya rage har kashi 15 cikin ɗari na ma'aikatansa. Daga baya ya koma ɗaukar injiniyoyi, musamman don zanen manyan cibiyoyin ajiyar bayanai da na ƙirƙirarriyar basira.